Hular Kwano ta Mai Keke

1. Keke a Damagaram

Da safe, kafin rana ta yi zafi, hanyoyin Damagaram cike suke da kekuna. Ƴan makaranta suna fitowa daga Birni da Zango da Sabon Gari da Garin Malam, kowa da jakarsa a baya. Mai lambu ya ɗauro salati da tumatir a kariya, ya nufi Kasuwar Dole. Wani yaro ya rataya bido huɗu na ruwa, yana tuƙi da ƙyar. Wani dattijo kuma ya taso tun daga Mirriya, tafiyar kilomita 18.

Keke abin hawa ne mai sauƙi. Ba ya shan mai, ba ya cin ciyawa. In ya lalace, akwai mai gyara a gindin kusan kowace bishiya ta bakin hanya. Shi ya sa ake ce masa dokin talaka.

Amma mai keke ba shi kaɗai ne a kan hanya ba. Manyan hanyoyi biyu sun haɗu a Damagaram. Ɗaya ta taso daga Yamai, ta bi Maraɗi, ta wuce Gure da Difa. Ɗaya ta sauko daga Agadas da Tanut, ta nufi Magariya da iyakar Najeriya. Manyan motoci suna bin su dare da rana. A cikin gari ga ƴan kabu-kabu, ga amalanken jakai, ga awaki masu tsallaka hanya ba sallama. A lungunan Birni kuwa ga duwatsu, ga yashi mai kama taya.

Mai mota yana cikin ƙarfe. Mai keke jikinsa ne a fili. In ya faɗi, abin da yakan fara taɓa ƙasa shi ne hannu, ko kafaɗa, ko kai.

2. Kai da abin da ke cikinsa

A cikin ƙoƙon kai ƙwaƙwalwa take. Da ita mutum yake gani, yake ji, yake magana, yake tuna karatun jiya. Ita ce take umurtar hannu da ƙafa su motsa. Nauyinta ga babban mutum bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Tana da taushi ƙwarai, kamar kindirmon da ya kama sosai.

Ƙoƙon kai ƙashi ne mai ƙarfi, amma kaurinsa bai kai santimita ɗaya ba a yawancin wurare. Tsakaninsa da ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ruwa da take iyo a ciki. Ruwan nan yana tsare ta daga ƙananan girgiza, irin ta gudu da tsalle.

To, me ke faruwa in mai keke ya faɗi kansa ya bugi kwalta? Ƙoƙon kai yana tsayawa nan take. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta tsaya ba tukuna, sai ta ci gaba ta bugi ƙashin daga ciki. Wani lokaci ƙashin ya tsage. Wani lokaci jijiyar jini ta fashe, jini ya taru ya danne ƙwaƙwalwa. Ana iya samun wannan ko da ba a ga ɗigon jini a waje ba.

In hannu ya karye, ana kai shi wurin maɗori ko likita, bayan ƴan makonni ya warke. Ƙwaƙwalwa ba ta ɗoruwa. Wanda ya ji mata ciwo mai tsanani yana iya rasuwa. In ya rayu, yana iya rasa magana, ko gefe ɗaya na jikinsa ya shanye, ko ya riƙa farfaɗiya. Yaron da yake na ɗaya a aji yana iya komawa ba ya riƙe ko baƙi ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto a shekarar 2023 cewa mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 suke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Ta ce ga yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29, babu abin da ya fi haɗarin hanya kisa. In aka dubi yawan jama'a, abin ya fi muni a nahiyar Afirka.

3. Kwalkwalin mutanen da

Tsare kai ba baƙon abu ne ba a ƙasar Damagaram. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya rasu a 1884, Damagaram ta yi suna wajen dawaki da mayaƙa. Barde ba ya fita fagen fama da kai tsirara. Yana sa sulke na ƙarfe. Ana lulluɓe shi da dokinsa da lifidi, wato tufa mai kauri da aka cusa wa auduga aka ɗinke. A kansa kuma yana sa kwalkwali.

Kwalkwali yana da tsumma mai kauri daga ciki, ana kuma ƙarfafa shi da ƙarfe daga waje, a yi masa ado da gashin jimina. Ƙarfen yana tare kaifin takobi. Tsumman yana shanye ƙarfin saran kafin ya kai ga ƙashi. Har yanzu ana ganin ƴan lifidi a ƙofar fada ranar hawan salla.

Ba wanda ya taɓa ce wa barde matsoraci don ya sa kwalkwali. Jarumin da ya san abin da zai tarar shi ne yake shiri.

Akwai wani misali kuma. Matan Mirriya sun shahara wajen ginin tukwane da tuluna. In za a kai tuluna kasuwa a amalanke, ba a jera su haka nan. Ana shimfiɗa ciyawa a ƙasa, a cusa ta tsakaninsu. In amalanke ta faɗa rami, ciyawar ce take lotsawa, tulu ya tsira. Aikin da ciyawa take yi wa tulu, shi hular kwano take yi wa kai.

4. Yadda aka yi hular keke

Hular kwano ta mai keke tana da sassa huɗu.

Na farko shi ne ɓawo. Roba ce siririya mai santsi da ta rufe hular daga waje. Tana sa hular ta zame a kan kwalta maimakon ta kama ta fizgi wuya. Tana kuma riƙe sauran sassan kada su tarwatse.

Na biyu shi ne soso mai tauri, kuma shi ne zuciyar hular. Irin farin abin nan ne marar nauyi da ake tarar da rediyo ko telebijin a ciki in an buɗe sabon kwali, sai dai na hula ya fi shi tauri. Kaurinsa santimita 2 zuwa 3 ne. In kai ya bugi ƙasa, soson yana murƙushewa. Yayin da yake murƙushewa, kai yana tsayawa sannu-sannu maimakon ya tsaya lokaci guda. Ta haka bugun da ke isa ƙwaƙwalwa yake raguwa.

Na uku su ne maɗaurai, wato igiyoyin da ke saukowa ta gaban kunne da bayansa, su haɗu a ƙarƙashin haɓa da maɓalli.

Na huɗu shi ne abin matsewa na ƙeya. Yawancin huluna suna da wani ɗan kewayayyen abu a baya. In an murɗa shi dama, hular ta matse. In an murɗa shi hagu, ta saki.

Hular tana da ramuka don iska ta shiga. Nauyinta wajen giram 300 ne, bai kai na rabin litar ruwa ba.

Kafin a sayar da hula ta gaske, ana gwada ta. A ƙasashen Turai ana sa ta a kan wani kai na ƙarfe, a sako shi daga tsawon mita ɗaya da rabi ya faɗa kan maƙera. Na'ura tana auna ƙarfin bugun da ya shiga ciki. Hular da ta ci jarrabawar ana liƙa mata takarda daga ciki mai alamar CE da lamba EN 1078. Wadda aka gwada bisa ƙa'idar Amurka tana ɗauke da baƙaƙen CPSC. Mita ɗaya da rabi kusan shi ne nisan kan mai keke daga ƙasa in yana kan sirdi.

5. Abin da wasu ƙasashe suka yi

An daɗe ana hawan keke kafin a sami hula mai kyau. Keke irin na yanzu, mai sarƙa da taya biyu daidai da juna, ya fito a Ingila a 1885. Hula mai soso mai tauri kuwa sai a 1975 ta shiga kasuwa a Amurka.

A 1990 jihar Biktoriya ta ƙasar Ostareliya ta kafa doka cewa duk mai keke sai ya sa hula. Ƙasar Niyu Zilan ta bi sahu a 1994. A Faransa, tun watan Maris na 2017, yaron da bai kai shekara 12 ba ba ya hawan keke sai da hula, ko shi ke tuƙi ko goya shi aka yi.

Ƴan tseren keke sun daɗe suna ƙin hula, suna cewa tana sa su zufa. A watan Maris na 2003 wani gwanin tsere ɗan ƙasar Kazakistan, Andrei Kivilev, ya faɗi a tseren da ake yi daga Paris zuwa Nis. Ba hula a kansa. Washegari ya rasu. A cikin shekarar nan hukumar tseren keke ta duniya ta wajabta hula. Shi ya sa duk wanda ya kalli tseren kewaya Faransa, ko tseren kewaya Burkina Faso da aka fara a 1987, zai ga kowane ɗan tsere da hularsa.

Masu bincike sun tattara labarin dubban mutanen da suka faɗi da keke a ƙasashe dabam-dabam. Sun gano cewa hula tana rage raunin kai da wajen rabi, tana kuma rage mummunan rauni fiye da haka.

A Nijar dokar hanya ta wajabta wa mai babur sa hular kwano. Masu keke kuwa kaɗan ne ƙwarai ake gani da ita. Amma kwalta ba ta tambayar wanda ya faɗo mata ko daga babur yake ko daga keke.

6. Ba kowace hula ce hular kwano ba

Ranar 1 ga Janairu 2009 aka fara tilasta wa ƴan acaɓa sa hular kwano a Najeriya. Da yake hular ta yi tsada, sai aka ga waɗansu sun kifa ƙwarya a kai, sun ɗaure ta da igiya. Mutane suka yi ta dariya. Ƙwarya tana iya ruɗin mai kallo daga nesa, amma in aka faɗi tarwatsewa take yi.

Hular saƙa da rawani da malafa suna tare rana da ƙura, ba sa tare bugu. Hular magina an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, kamar bulo ko guduma. Ba ta da soso mai tauri, kuma da an faɗi take tashi daga kai. Hular babur tana da ƙarfi, amma ta yi wa mai keke nauyi da zafi, tana kuma rage masa ji. Wuyan ƙaramin yaro ba ya ɗaukarta da sauƙi. Kowane aiki da hularsa.

7. Awon kai

Hula kamar takalmi take. In ta yi yawa ta fita, in ta yi kaɗan ta matsa. Saboda haka kafin a tafi kasuwa sai a auna kai.

Ana ɗaukar abin awon tela, a kewaya shi a kai. A gaba ya bi ta kan goshi, kamar yatsa ɗaya sama da gira. A gefe ya bi ta saman kunnuwa. A baya ya bi ta inda ƙeya ta fi tudu. Sai a karanta lambar. In ba abin awon tela, a kewaya zare, a yi masa alama, a shimfiɗa shi a kan abin ja layi.

A cikin kowace hula an rubuta girmanta da santimita. Ga yadda yawancinsu suke:

Ƙaramin yaro: 48 zuwa 52.
Ɗan makaranta: 52 zuwa 56.
Babban mutum: 55 zuwa 59.
Mai babban kai: 59 zuwa 63.

Lambobin nan suna ɗan bambanta daga wani kamfani zuwa wani. Kawuna ma ba siffa ɗaya gare su ba: wani kewayayye ne, wani mai tsawo. Don haka awo kaɗai bai isa ba, sai an gwada. Yarinya ta gwada da irin kitson da ta saba yi da ɗan kwalin da ta saba ɗaurawa. Kitson da ya kwanta ya fi dacewa da hula, domin mai tudu yana ɗaga ta sama.

8. A rumfar mai kayan keke

Wani uba ya kai ɗansa kasuwa don ya saya masa hula. An auna kan yaron a gida, an sami santimita 53. Bayan sun gaisa, mai rumfa ya sauko da huluna uku.

Uban ya ɗauki babbar, ya ce: "Malam, ba ni wannan. Yaro girma yake yi. In na sayi babba, ta kai shi shekara biyar."

Mai rumfa ya ce: "Alhaji, riga ake saya da girma. Bari ka gani."

Ya kifa wa yaron babbar hular, ya ce masa ya girgiza kai. Yaron ya girgiza, hular ta sauko ta rufe masa ido.

Mai rumfa ya ce: "Ka gani? In ya faɗi, hular za ta riga shi isa ƙasa."

Yaron ya nuna wata ja mai walƙiya, ya ce: "Baba, ni waccan nake so, ta fi kyau."

Uban ya karɓe ta, ya juya cikinta. Ba takarda, ba lamba. Ya danna ta da yatsa, ya ji roba ce kawai da ɗan yadi. Ya ce: "Wannan ta wasa ce, ɗana. Araha ba ta ado."

Ta ukun fara ce. An rubuta 52 zuwa 56 a cikinta, ga kuma alamar gwaji. Uban ya duba soson a hasken rana, bai ga tsaga ba. Ya ja maɗauran da ƙarfi, ba su saki ba. Ya ɓalla maɓallin ya kwance har sau uku. Mai rumfa ya sa wa yaron, ya murɗa abin ƙeya. Tun ba a ɗaure haɓa ba, yaron ya sunkuya, hular ba ta faɗi ba.

Uban ya ce: "To, wannan ita ce tamu. Nawa za ka rage mini?"

Akwai abin lura game da hular gwanjo. Soso mai tauri sau ɗaya yake aiki. In ya murƙushe ba ya komawa yadda yake, ko da ɓawon waje yana nan sumul. Mai sayen tsohuwar hula bai san ko an taɓa faɗuwa da ita ba. In ba yadda za a yi sai gwanjo, a ɗaga ƴan tsumman ciki a duba soson ko'ina. In an ga tsaga, ko wurin da ya lotsa, ko yana marmashewa, a bar ta.

9. Yadda ake sa ta

Hula mai kyau da aka sa ba daidai ba, amfaninta kaɗan ne. Ga ƙa'idoji huɗu.

Goshi. Hular ta zauna daidai a kai, kada ta karkace baya kamar hular mai taƙama. Tsakanin gira da bakin hula yatsu biyu ne kawai za su shiga. In mutum ya ɗaga ido sama, ya hangi bakin hular. Yawancin masu faɗuwa ta gaba suke kifawa, don haka goshi ne ya fi bukatar tsaro.

Kunne. Igiyar gaba da ta baya su haɗu dab da ƙasan kunne, su yi siffar baƙin V, kunne yana tsakiya. Kada igiya ta murɗe, kada kuma ta hau kan kunne.

Haɓa. A ɓalla maɓallin, a ja igiyar har ya zama yatsa ɗaya ko biyu ne kaɗai ke shiga tsakaninta da haɓa.

Baki. A buɗe baki sosai kamar mai hamma. In an ɗaure daidai, za a ji hular ta ɗan danno kai daga sama. In ba a ji kome ba, igiyar ta yi sako-sako.

Daga nan sai a kama hular da hannu biyu, a tura ta gaba da baya, dama da hagu. In ta zauna daidai, fatar goshi za ta motsa tare da ita.

Hular da aka rataya a kan keke, ko aka sa ba a ɓalla ba, ɗaya take da wadda aka bari a gida. Wanda aka goya a kariya shi ma yana bukatar tasa. In an sauka za a yi wasa ko hawan bishiya, sai a cire ta, domin igiyar tana iya sarƙewa ta shaƙe wuya.

10. Kula da hula

Ana wanke hula da ruwa da sabulu, a shanya ta a inuwa. Ba a goge ta da fetur ko kananzir, ba a shafa mata fenti, domin suna cin soson. Ba a barin ta a rana ko kusa da murhu. Ba a zama a kanta, ba a ɗiban ruwa da ita. In an yi mummunar faɗuwa da ita, ta gama aikinta, sai a nemi wata. Yaro kuma a sake auna kansa kowace shekara.

11. Abin da ke hana mutane sa ta

Wani ya ce zafi. Gaskiya ne, a watannin Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana wuce digiri 40. Sai a zaɓi hula fara mai ramuka da yawa. In keke yana tafiya, iska tana ratsa ramukan, farin ɓawon kuma yana tare rana.

Wani ya ce tsada. Hula tana cin kuɗi, kuma ba kowace rumfa ake samunta ba. Amma uban da ya iya tara kuɗin keke, in ya ƙara haƙuri kaɗan zai tara na hula. Kwana uku a gadon likita sun fi ta tsada. Ƴan gida ɗaya masu kai kusan ɗaya suna iya karɓa-karɓa, wanda zai hau keken shi ya sa.

Wani ya ce abokai za su yi masa dariya. Dariyar kwana biyu ce. In yara uku suka fara sawa a aji, na huɗu zai roƙi babansa.

Wani ya ce shi gwani ne, ba ya faɗuwa. Ƴan tseren duniya sun fi kowa gwaninta, suna kuwa faɗuwa. Gwani ba ya hana akuya tsallaka hanya.

Wani kuma ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma mai faɗin haka yana rufe ƙofarsa da dare, yana ɗaure akuyarsa, yana kwana cikin gidan sauro. Rigakafi ya fi magani.

12. Hula ba ta hana haɗari

Hular kwano tana rage ciwo ne in an faɗi. Hana faɗuwar aikin mai keke ne. Kafin ya hau, ya gwada birki, ya taɓa tayoyi, ya dubi sarƙa. Ya bi hannun dama. Ya miƙa hannu kafin ya juya. Ya tsaya ya duba in zai shiga babbar hanya. Kada ya kama bayan mota ta ja shi. Kada ya saki hannu don burge abokai. Ya naɗe bakin wando ko zane kada sarƙa ta kama. Da dare ya kunna fitila, ya sa tufa mai haske. Lokacin hazo, in ƙura ta rufe gari, ya rage gudu, domin direba ba ya hangensa da wuri.

13. In wani ya faɗi

In ɗan makaranta ya ga wani ya faɗi kansa ya bugu, kada ya ɗaga shi da ƙarfi, kada ya girgiza shi, domin wataƙila wuya ma ya taɓu. Kada a ɗura masa ruwa in ba ya cikin hayyacinsa. A tsayar da abubuwan hawa, a kira babban mutum. Lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18.

Ko wanda ya faɗin ya tashi da kansa, a sa masa ido yini da kwana. In ya yi amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci ya rinjaye shi, ko ya manta abin da ya faru, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, a kai shi likita nan da nan. Yaro kada ya ɓoye wa iyayensa faɗuwa don tsoron faɗa.

Abin riƙewa

Ƙwaƙwalwa ba ta ɗoruwa. Hular kwano tana shanye bugu da sosonta. Ana auna kai kafin a saya. Yatsu biyu a goshi, baƙin V a kunne, yatsa ɗaya ko biyu a haɓa. Hular da ta sha mummunan bugu ba a sake sa ta.

Ma'anar kalmomi

Kwalkwali: hular yaƙi ta mahayan dawaki.
Lifidi: tufa mai kauri da aka cusa wa auduga don tsare doki da mahayinsa.
Sulke: rigar yaƙi ta ƙananan zobban ƙarfe.
Maɗori: mai ɗora ƙashin da ya karye.
Gwanjo: kayan da wani ya riga ya yi amfani da su aka sake sayarwa.

Tambayoyi

1. Waɗanne manyan hanyoyi ne suka haɗu a Damagaram?
2. Me ke samun ƙwaƙwalwa in kai ya bugi ƙasa?
3. Ina kamannin kwalkwali da hular keke?
4. Don me masu tuluna suke cusa ciyawa tsakaninsu?
5. Me ya sa mai rumfa ya hana uban sayen babbar hula?
6. Don me ba a sake sa hular da aka yi mummunar faɗuwa da ita?
7. Waɗanne alamu ne ke nuna a kai wanda ya faɗi likita?

Lissafi

1. Wani ɗalibi yana tafiyar kilomita 3 daga gida zuwa makaranta. Yana zuwa ya koma sau biyu a yini. Kilomita nawa yake yi a kwana 5?
2. An auna kawunan yara huɗu, an sami santimita 50, 53, 55 da 58. Su nawa ne hula mai lamba 52 zuwa 56 za ta yi wa daidai?
3. Shekara nawa ke tsakanin fitowar keke mai sarƙa da fitowar hula mai soso mai tauri?

Aiki

1. Ɗalibai su kasu biyu-biyu, kowa ya auna kan ɗan'uwansa, a rubuta awon dukan aji a allo.
2. A mulmula dunƙule biyu na yumɓu, a bari su bushe. A saki ɗaya haka nan daga tsawon mita ɗaya da rabi a kan daɓe. A sa ɗayan cikin ƙaramin kwali da aka cika da ciyawa, a sake shi daga wuri guda. Kowa ya rubuta abin da ya gani.
3. Kowane ɗalibi ya tambayi wani dattijo a unguwarsu yadda ake yin kwalkwali da lifidi, ya kawo labarin aji.

Hausa da Faransanci

keke: le vélo
hular kwano: le casque
kai: la tête
ƙwaƙwalwa: le cerveau
goshi: le front
haɓa: le menton
birki: le frein
hanya: la route